Yadda lokacin sanyi ya daina zama kakar wadata ga masuntan Senegal

A watannin da hunturu ke busawa a yankin Sahel, wata iska mai sanyi tana kaɗawa daga arewa a gaɓar Tekun Atilantika, daga Mauritaniya zuwa Senegal da Gambiya. Daga Disamba zuwa Mayu wannan iska ce ke tsara rayuwar masunta a garuruwa irin su Saint-Louis da Kayar da Mbour da Joal. A da, shigowarta albishir ce, domin a lokacin ne kifi ya fi yawa kuma ya fi araha. A yau masunta na fita su yi kwanaki a teku, su dawo da abin da bai biya kuɗin man inji ba. Ruwa ba ya tsami banza: bayan wannan ƙarancin akwai sauyin yanayi, akwai kuma shawarwarin da gwamnatoci suka yanke.

Me ya sa sanyi ke kawo kifi?

Idan iskar arewa ta daɗe tana bin gaɓa, takan tura ruwan sama mai ɗumi zuwa tsakiyar teku. Sai ruwan ƙasa, mai sanyi kuma mai ɗauke da sinadaran gina jiki, ya taso ya cike gurbinsa. Da ya haɗu da hasken rana, ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani sukan yaɗu a cikinsa, kuma su ne abincin ƙananan kifaye. A kusa da Dakar, ɗumin ruwan da kan kai maki 28 a ma'aunin Salshiyas a ƙarshen damina yakan sauka ƙasa da 20 a Fabrairu da Maris.

Kifin da ya fi cin moriyar wannan yanayi shi ne wanda Wolof ke kira yaboy, ɗan ƙaramin kifi mai maiƙo daga dangin sadin, wanda ke tafiya garke-garke tsakanin Moroko da Gini Bisau. Manyan kifaye sukan biyo shi, cikinsu har da cof, kifi mai farin nama da ake ji da shi a girkin cebujen, wato dafa-dukar shinkafa da kifi da Hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2021. Cof na masu hali ne. Yaboy kuwa naman talaka ne, kuma a kansa rikicin yake.

Su a bakin gaɓa da su a kwale-kwale

Masu ƙaramin ƙarfi a bakin gaɓa suke tsayawa. Wasu na jefa fatsa daga kan duwatsun Ngor da Yoff, wasu na wurga birgi a ruwa marar zurfi. Akwai kuma babban taru da ƙaramin jirgi ke zagayawa da shi, sannan mutane da yawa su ja igiyoyinsa biyu daga kan yashi, kowa ya samu rabonsa. Wannan su ba ya buƙatar jari mai yawa, amma ya dogara ga kifi ya matso kusa da tudu, abin da ke ƙara wuya kowace shekara.

Mafi yawan kifin da ake ci a Senegal kwale-kwalen katako masu inji ne ke kawo shi. Tun shekarun 1970 aka shigo da tarun zobe, wanda ake kewaye garken yaboy da shi a tsuke ƙasansa kamar bakin jaka. Yawanci jirage biyu ke aikin, ɗaya ɗauke da taru da ma'aikata, ɗayan kuma na dakon kifi. Masu fatsa kuwa sukan yi ƙaura a lokacin sanyi. Masuntan unguwar Guet Ndar ta Saint-Louis sun daɗe suna sauka a Kayar, inda wani kwari mai zurfi a ƙarƙashin teku ya matso dab da gaɓa yana tara manyan kifaye.

Idan jirage sun sauka, aiki ya koma hannun mata. Su ke saye, su yi banda, su zuba gishiri su shanya. Bandar yaboy, wadda ake kira kecax, tana shiga ƙauyukan da ke nesa da teku, har ta tsallaka zuwa Mali da Burkina Faso. Adadin da hukumomi suka saba bayarwa shi ne kusan mutum 600,000 ke cin abinci ta wannan sana'a a Senegal.

Lokacin sanyi yana da haɗarinsa. Guguwar arewacin Atilantika na turo manyan igiyoyin ruwa zuwa gaɓa. A Saint-Louis, hukumomi sun yanka wata mashiga mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba Kogin Senegal da teku a Oktoban 2003, domin ceton birnin daga ambaliya. Ruwa ya ci gaba da cin gefenta har ta kai faɗin kilomitoci, kuma masunta da dama sun halaka wajen ƙetare ta.

Ina kifin ya tafi?

Dalili na farko shi ne yawan kamu. Kwamitin masana da ke aiki ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya shafe shekaru yana gargaɗin cewa ana kama yaboy fiye da yadda yake hayayyafa, yana kuma neman a rage. Su kansu kwale-kwalen sun ƙaru ƙwarai, kuma wasu na amfani da ragar roba mai siririn zare da dokar ƙasar ta haramta.

Na biyu shi ne masana'antun garin kifi. A birnin Nouadhibou na Mauritaniya an gina su da yawa cikin shekarun 2010, akwai kuma wasu a Senegal da Gambiya. Suna sayen ɗanyen yaboy su niƙa shi ya zama gari da mai, a fitar zuwa Turai da Asiya domin ciyar da kifin gona da dabbobi. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na kifi kafin a samu kilo 1 na gari. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 ake kwasa haka duk shekara a yankin, abin da zai iya ciyar da mutum fiye da miliyan 33. Mai banda a Joal ba ta da jarin da za ta yi gogayya da masana'anta a bakin jirgi.

Na uku shi ne ɗumamar teku. Binciken masana ya nuna garken yaboy na matsawa arewa, zuwa ruwan Mauritaniya da Moroko. Masuncin Saint-Louis da ya bi shi sai ya tarar da iyaka, domin Mauritaniya lasisi ƙayyadadde take bayarwa. A Janairun 2018 masu gadin tekunta sun harbe wani matashin masunci daga Saint-Louis, lamarin da ya jawo tarzoma a birnin.

A kan wannan iyakar ne kuma aka kafa aikin haƙar iskar gas na Grand Tortue Ahmeyim, wanda kamfanonin BP da Kosmos ke gudanarwa tare da kamfanonin man ƙasashen biyu. An hana jirage kusantar wurin da tazarar mita 500. Masu fatsa na Guet Ndar sun ce an ɗora ginin ne a kan Diattara, tudun duwatsun ƙarƙashin ruwa da suka fi dogara da shi.

Daga kamun kifi zuwa dakon mutane

Kwale-kwalen da aka ƙera don jure kwanaki a teku yana iya kaiwa Tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500. Da su ya daina biya, wasu masu jirage sun sayar da su ga masu safarar mutane, wasu matuƙan kuma sun ja da kansu. Alƙaluman gwamnatin Sifaniya sun nuna kusan mutum 40,000 sun isa tsibiran ta teku a 2023, sannan fiye da 46,000 a 2024. Ba dukkansu masunta ba ne, ba kuma dukkansu 'yan Senegal ba, amma garuruwan su na cikin waɗanda suka fi rasa matasa. A Satumban 2024 wani jirgi ya kife jim kaɗan bayan tashinsa daga Mbour, inda mutum fiye da 30 suka mutu.

Abin da siyasa ta taɓa da wanda ta bari

Bassirou Diomaye Faye ya ci zaɓen Maris 2024 da ƙuri'un matasa, kuma sake duba yarjejeniyoyin kamun kifi na cikin alƙawuransa. A Mayun shekarar ma'aikatar kamun kifi ta wallafa jerin manyan jiragen da ke da lasisi: 132 masu tutar Senegal da 19 na waje. A Nuwamba yarjejeniyar ƙasar da Tarayyar Turai ta ƙare ba tare da an sabunta ta ba, watanni bayan Tarayyar ta gargaɗi Senegal kan sakaci wajen yaƙi da haramtaccen su.

Matasa da yawa sun yi murna da tafiyar jiragen Turai, sai dai waccan yarjejeniya ta fi shafar kifin tuna ne, wanda ake kamawa can nesa da gaɓa. Babbar ayar tambaya tana kan jirage 132 ɗin. Doka ta yarda jirgi ya ɗaga tutar Senegal idan 'yan ƙasa ne ke da mafi rinjayen hannun jari a kamfanin, kuma ƙungiyoyin masunta sun daɗe suna zargin cewa da yawansu na baƙi ne daga Sin da Turai, an fake da sunan ɗan gida. Jerin ya bayyana sunayen jirage da kamfanoni, amma bai fayyace ainihin masu cin ribar ba.

Akwai kuma giɓin da ya fi ƙarfin gwamnati ɗaya. Garken yaboy guda ne ke ratsa ruwan Moroko da Mauritaniya da Senegal da Gambiya, amma kowace ƙasa ita ke yanke abin da za ta kama. Idan Dakar ta taƙaita su alhali masana'antun Nouadhibou na ci gaba da niƙa, masuncin Senegal ne kawai zai yi asara. Saboda haka matakai uku ne za su nuna ko da gaske ake: bayyana masu jiragen na haƙiƙa, hana niƙa kifin da mutane ke ci, da yarjejeniyar rabon kamu tsakanin ƙasashen huɗu. Muddin ba a ɗauke su ba, iskar arewa za ta ci gaba da taso da ruwan sanyi kowace Disamba, amma kifin da ke cikinsa zai ci gaba da wuce tukunyar mutanen gaɓa.