Zawon Shanu Da Maraƙin Da Ke Ɓoye Shi

Ko wane makiyayi ya san zawo, ya kuwa san ba iri ɗaya ba ne. Wani sabuwar ciyawa ke kawo shi, wani tsutsar ciki. Amma akwai wani wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Likitocin dabbobi na ƙasar Amurka su suka fara ba da labarinsa cikin 1946.

In ya kama saniya, sai jikinta ya yi zafi, ta yi ta majina, ta ƙi ci, nononta ya ragu. Yawancin manyan shanu su kan warke da kansu. Wanda ya tsananta ya kan fid da gyambo a baki, har ya yi kama da bushiya, wadda aka tabbatar an gama da ita a duniya cikin 1911 da ɗari, watau 2011.

To, ga inda haɗarin ya ke. Idan cutar ta sami saniya mai ciki kafin cikin ya cika wata 4, ko dai ta yi ɓari, ko kuwa ta haifi maraƙi wanda jikinsa ya ɗauki ƙwayar tamkar tasa, ba ya yaƙinta. Wani ya kan tsumbure, wani kuwa ka gan shi sumul. Amma muddin ransa yana zub da ita cikin miyau da majina da fitsari da kashi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ba shanu kaɗai ta ke kamawa ba. Ta kan tsallaka zuwa tumaki da awaki da aladu, har da waɗansu namun daji, musamman inda a ke haɗa su kiwo da mashaya. Tunkiya mai ciki ma ta kan yi ɓari saboda ita. Amma ba ta kama mutum.

Mutanen Norway da Sweden sun fid da ita daga garkunansu ta hanyar gwada shanu, su gano irin waɗannan maruƙa, su kawar da su.

Saboda haka, in ka sayo dabba a kasuwa, ka ware ta tukuna, kada ta kusanci masu ciki. In ɓari ya yawaita a garkenka, kira likitan dabbobi ya ɗebi jini ya duba. Maraƙin da aka samu da ita kuwa, kada ka sayar wa maƙwabcinka.