Nasiha ga mai son fara sana'ar naman hanji

Tambaya ta yawaita gare mu daga Jega da Aliero da Maiyama bisa naman nan da ake niƙawa a ɗura cikin hanji, wanda Turawa ke kira sosej. Kowa inji yake tambaya: wane za a saya? To, mu abin da munka gani, ba inji ne farkon lissafi ba. Sanyi ne.

Da farko mu kau da shubuha. Sunan "tsiran alade" da anka liƙa mishi ya kori mutane da yawa, alhali ba dole sai alade ba. Mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko suna yin nasu da naman rago da na sa, suna ce mishi margez. Bayan 1962, da Aljeriya ta sami mulkin kai, waɗanda sunka ƙaura zuwa Faransa sun yaɗa shi can. Yankan Musulmi ne, hanjin tunkiya ne.

Amma ku sani, wanga nama ba kilishi ba ne. Kilishi rana ce gatansa: a shanya shi, ruwa ya fita, ya yi watanni. Naman hanji kuwa ɗanye ne, an niƙe shi, ga kitse, ga laima. Rana abokiyar gabansa ce. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, shi ko niƙaƙƙen nama so yake ya zauna ƙasa da digiri 5. Wanda ya niƙa da hantsi ya bar shi a faranti, kafin la'asar jari ya yi wari. In kuma ya sayar hakanan, ya cuci mutane, ya ɓata sunansa a kasuwa.

Saboda haka ga tsarin saye da muke ba da shawara. Na ɗaya, kula mai riƙe ƙanƙara, da mai ƙanƙarar da ba ya saɓa alkawari. Na biyu, sikeli. Na uku, injin niƙa na hannu, irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Lamba gare su: 10 ya ishi gida, 22 ko 32 na mai sayarwa ne. A duba wuƙarsa da faifansa mai huji, a tabbata ana samun na canji. Faifai mai hujin milimita 6 zuwa 8 ya isa. Na huɗu, mazurarin ɗura hanji. Injin lantarki a bari sai ciniki ya kama, don ranar da babu wuta ya zama kayan ado.

Ga awo. A kilo 10, tsoka 8, kitse 2, gishiri giram 180. Kada a ji ƙyashin kitse, in ya yi kaɗan naman bushewa yake kamar dusa. Kayan yaji namu ne na gida: barkono, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa. Mutanen Aliero, mun san albasa taku ce, amma ɗanya tana sakin ruwa tana gaggauta tsami. A soya ta tukuna, ko a sa busassa.

Hanji kuma, a shirya da mahauta tun daren yanka. A ɗauki ƙaramin hanjin tunkiya ko akuya, a wanke, a kankare shi da bayan wuƙa har ya yi shara-shara, a cuɗe da gishiri. Ranar aiki a jiƙa shi ya saki. Kada a ɗura shi tam, fashewa yake bisa wuta. A gasa da garwashi marar harshe har cikinsa ya nuna sarai, babu ja. Inji kuwa a kwance shi duka, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shafa mai don tsatsa.

Kasuwa fa? Hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta bi ta Aliero da Jega da Maiyama, ga mahaɗar Birnin Kebbi a Jega, matafiya ba su yankewa. A raɓi mai tukuba a tasha, a fara da kilo 2 ko 3, cikin sanyin Disamba da Janairu. Abin da anka ɗura yau, yau za a gasa, yau za a sayar. In sati huɗu sun wuce babu kwantai, sannan a ƙara awo.

Dillalai kuma, wanda ya zo muku neman inji, ku fara tambayarsa ina ƙanƙararsa. In bai da amsa, ku ce ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Haza wassalam.