Masu Aikin Gayya Na Zango: A Yaba Musu Tun Suna Ji

Kowace shekara idan watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa a kan birnin Ankara, hankalin mutanen Nima da Mamobi yakan koma kan abu guda, wato babbar kwatar nan da ta ratsa unguwanninmu. Ruwan da ta kwaso yakan gangara cikin kogin Odaw, daga can ya nufi teku. In ta toshe da leda da yashi, ruwan ba ya jiran kowa, cikin ɗakunan mutane yake shiga.

Mun ga abin da ƙazanta da toshewar magudana suke jawowa. A shekarar 2014 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar Gana, ta kashe fiye da 200, kuma mafi yawansu a Ankara da kewayenta ne. Ran 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, aka rasa rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙansu, amin.

To, su wa ke shiga kwatocin lunguna su yashe kafin ruwa ya sauka? Samarin nan ne da muke gani a majalisunsu na bakin hanya suna shan ataya, waɗanda wasu manya ke kira 'yan zaman banza. Da an sallame sallar asuba, ladan ya yi shela da lasifika, sai ka gan su sun fito da shebur da manjagara da baro. Da yawansu ba takalmin roba, ba safar hannu, ga fasassun kwalabe da gwangwani cikin taɓon. Iyayenmu mata kuwa sukan aiko da koko da ƙosai, wata ma ta sauke tukunyar shinkafa da wake ba ta karɓi ko sidi ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2014 gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata don tsabtace gari, amma aikin gayya ya daɗe a zango kafin wannan sanarwa.

Abu ɗaya ne ke karya musu gwiwa, kuma dole mu faɗa. Sau da yawa sukan tara dattin a gefen hanya, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda aka fito da shi. Wahalar yini guda ta tashi a banza ke nan. Muna roƙon wakilanmu a majalisun gunduma su riƙa tsayar da ranar mota kafin a tsayar da ranar gayya.

Akwai kuma masu aikin da suka yi suna. Ƙungiyar ICODEHS ta Shehu Mustapha Ibrahim ta haƙa rijiyoyi, ta gina makarantu da masallatai, ta ɗauki nauyin marayu a sassa da dama na ƙasar nan. FOMWAG, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi, ta tsaya kan karatun 'ya'ya mata tun shekarun 1990. Wata baiwar Allah 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta fara karanta wa yara littafi a ƙarƙashin bishiya a gidanta a 1990, har abin ya kai ga buɗe ɗakin karatu a Nima. Duk mun gode.

Sai dai waɗanda suka fi kusa da mu ba su da allo, ba su da ofis. Ƙungiyoyin adashi na mata su ne ke tashi in wata ta haihu ko mijinta ya rasu. Masu wankan gawa da masu haƙar kabari kuwa, ko tsakar dare aka buga musu ƙofa sai sun fito, ga shi yawancinsu sun manyanta, matasan da ke koyon aikin ba su da yawa.

Wanda Allah ya hore wa, samarin gayya suna bukatar takalman roba da safar hannu da baro kafin ruwa ya kankama. A miƙa ta hannun liman ko mai unguwa.