Rammstein: Makaɗan Jamus Masu Kiɗa da Amon Inji

Rammstein ƙungiya ce ta makaɗa shida 'yan ƙasar Jamus, wadda aka kafa a birnin Berlin a shekarar 1994. Salon kiɗanta shi ne wanda Turawa ke kira industrial metal, wato kiɗan jita mai nauyi da aka gauraya da amon injuna da sautin kwamfuta. Till Lindemann ne mawaƙinta. Richard Kruspe da Paul Landers ke kaɗa jita, Oliver Riedel na riƙe da jita mai kaurin murya, Christoph Schneider na kan ganguna, shi kuma Christian Lorenz, wanda aka fi sani da Flake, yana kan fiyano. Tun kafuwarta har yau ba a sauya ko mutum ɗaya a cikinsu ba, abin da ba kasafai ake gani ba a wannan sana'a mai yawan ɓaraka.

Salon ya girmi ƙungiyar, kuma tushensa biyu ne. Na farko daga Birmingham yake, garin masana'antun ƙarfe na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta taso a 1968. Mai jitarta, Tony Iommi, inji ya taɓa datse masa kan yatsu biyu a wurin aiki. Don ya samu sauƙin danna tsirkiya sai ya sassauta ta, jitar ta koma gurnani. Tushe na biyu na masu neman kiɗa ne a cikin hayaniya ita kanta: Throbbing Gristle a Ingila, waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Industrial Records a 1976, da Einstürzende Neubauten na Berlin ta Yamma, waɗanda tun farkon shekarun 1980 suke hawa dandamali da guduma da injin huda bango da tarkacen ƙarfe. A ƙarshen waɗannan shekaru ne Ministry ta Chicago da Godflesh ta Birmingham suka haɗe hanyoyin biyu.

'Yan Rammstein duka a Jamus ta Gabas suka tashi, ƙarƙashin mulkin gurguzu, inda makaɗi ba ya yin wasa a bainar jama'a sai da takardar izinin hukuma. Landers da Lorenz sun yi shekaru a wata ƙungiyar matasa mai suna Feeling B, Schneider ya tarar da su daga baya. Lindemann ɗan wani marubucin waƙoƙi ne. Ya yi wasan ninkaya a ƙuruciyarsa, ya kuma ci abinci da saƙar kwando. Kruspe ya tsere zuwa Yamma ta ƙasar Hungary a 1989, gab da faɗuwar katangar Berlin. Da Jamus ta haɗe a 1990, kiɗan Amurka ya cika kasuwa, matasan Gabas da yawa suka dukufa kan kwaikwayo. Kruspe ma ya bi wannan hanya na ɗan lokaci, sai ya ga kayan aro ba ya rufe katara, ya koma neman kiɗan da kowa zai ji ya ce na Jamus ne. A 1994 huɗu daga cikinsu suka ci wata gasar sababbin makaɗa a Berlin, aka ba su damar ɗaukar sauti a situdiyo, sannan Landers da Lorenz suka shigo. Sunan ƙungiyar ya samo asali daga Ramstein, sansanin sojan saman Amurka a Jamus, inda ranar 28 ga Agusta 1988 jiragen wasan sojan Italiya uku suka yi karo a sama, mutum 70 suka halaka.

Ƙashin bayan kiɗansu maimaici ne. Sukan ɗauki gajeriyar gaɓa, sauti uku ko huɗu, su yi ta nanata ta ba ƙari ba ragi. Mai jita yakan ɗora gefen tafin hannunsa a gindin tsirkiya don ya shaƙe amon, ya fito gajere a dunƙule, sannan na'ura ta kumbura shi ta ba shi kaushi. Kruspe da Landers sau da yawa abu ɗaya suke kaɗawa a lokaci ɗaya, don kauri. Ba su cika barin mai jita ya ware shi kaɗai yana nuna gwaninta ba, alhali a sauran kiɗan wannan dangi nan ne ake baje koli. Ganguna na tafiya da taku huɗu-huɗu irin na faretin soja. A saman wannan duka Lorenz ke saƙa siririn sautin fiyano, wani lokaci mai daɗi har da ban tausayi, sai muryar Lindemann ta shigo daga can ƙasan maƙogwaro, tana kaɗa harshe a kan harafin r, rabi waƙa rabi shela. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da rumfunan masu walda a kan titin Gwarzo, yamma da Ƙofar Kabuga a Kano, ya san ɗanyen wannan amo: janareto na gurnani ba hawa ba sauka, injin goge ƙarfe na kuka a samansa, guduma na faɗowa a kan lokaci.

Nan ne wannan kiɗa ya rabu da abin da kunnen Bahaushe ya saba. Maƙera na da kiɗansu a ƙasar Hausa, wato dundufa, amma makaɗin dundufa maƙerin yake wasawa yana zuga shi. Ba amon masaba a kan uwar maƙera yake kwaikwayo ba. Kalangu kuwa magana yake yi: makaɗi ya matse shi a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, yana bin bakin mawaƙi duk inda ya karkata. A wurin Rammstein mutum ne ke bin inji. Mai ganga na jin bugun kwamfuta a kunnensa, kuma ba shi da damar ya yi gaba ko ya yi baya da shi. Fiyanon lantarki ya shigo situdiyoyin Kano a cikin shekarun 1990 ɗin nan, amma masu kiɗan finafinan Hausa laushi suka nema da shi, irin na waƙoƙin Indiya. Na'ura kusan ɗaya ce, niyya ce ta bambanta.

Kundinsu na farko, Herzeleid, ya fito a 1995. Ƙofar duniya ta buɗe musu a 1997, lokacin da David Lynch ya sa waƙoƙinsu biyu a fim ɗinsa Lost Highway, kuma kundi na biyu, Sehnsucht, ya hau matsayi na ɗaya a Jamus, ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a Amurka. Mutter na 2001 ya shigo da gogen makaɗan gargajiyar Turai, kuma a nan ne salonsu ya nuna sosai. Reise, Reise ya biyo a 2004, Rosenrot a 2005, Liebe ist für alle da a 2009, sai shiru na shekara goma kafin kundin 2019 marar suna, da Zeit a 2022. Kusan duk waƙoƙin nan da Jamusanci aka rera su, a kasuwar da aka daɗe ana cewa ba a cin ta sai da Ingilishi. Duk da haka tikitin wasansu na Disambar 2010 a zauren Madison Square Garden a New York ya ƙare cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Wannan riƙo da harshen uwa shi ne mafi girman abin da suka yi, ya fi wutar da aka san su da ita.

Wutar kuwa ba ta wasa ba ce. Lindemann ya sha rera waƙa sanye da doguwar rigar ƙarfe tana ci da wuta. Akwai inda masu jita ke ɗaura bututu a fuska yana feso harshen wuta, akwai inda ake saka Lorenz cikin ƙatuwar tukunya ana babbaka gindinta. A 1996 wani ɓangaren dandamali mai ci da wuta ya faɗo kan 'yan kallo a Berlin, wasu suka ji rauni. Daga nan suka ɗauki ƙwararru, Lindemann da kansa ya yi karatun sarrafa wutar wasa ya karɓi lasisi.

Waƙoƙinsu ne suka fi jawo musu magana. Lindemann yakan shiga rigar mugu ya yi magana da bakinsa: mai kisa, mai cin zarafin 'ya'yansa, har mai cin naman mutum, kamar a waƙar Mein Teil ta 2004 da aka gina kan wani laifi na gaske da ya girgiza Jamus. Wanda ya san waƙoƙin ɓarayi na Muhammadu Gambu ya san wannan tsohuwar gardama, ko mai waƙar mugu tona masa asiri yake yi ko zuga shi. Wasu waƙoƙin sun ɗebo daga rubutun marubucin Jamus Goethe, wata kuma, Amerika, suka ce ga yadda al'adun Amurka suka mamaye duniya. Da suka sa hotunan fim ɗin Leni Riefenstahl, mai yi wa gwamnatin Hitler finafinai, a bidiyonsu na 1998, aka zarge su da ra'ayin Nazi. Suka musanta, suka mayar da martani da waƙar Links 2 3 4 a 2001. Hukumar kare yara ta Jamus ta hana sayar wa yara kundin 2009, kotu ta ɗage hanin a 2010. Bidiyon Deutschland na 2019, wanda ya bi tarihin Jamus da baƙar mace a matsayin uwar ƙasa, aiki ne mai zurfi, amma tallarsa da kayan fursunonin sansanin Nazi ta ɓata wa shugabannin Yahudawan Jamus rai, kuma suna da hujja. Batsar da ke cikin wasu wasanninsu kuwa neman kasuwa ce kawai, ba ta ƙara wa kiɗan komai.

A 2023 wasu mata suka zargi Lindemann da cin zarafi a shagulgulan bayan wasa. Ya musanta. Masu gabatar da ƙara na Berlin suka buɗe bincike a watan Yuni, suka rufe shi a ƙarshen Agusta saboda rashin isasshiyar hujja, amma kamfanin da ke buga littattafan waƙoƙinsa ya riga ya raba gari da shi. Rangadin manyan filayen wasa da suka fara a 2019, wanda annobar korona ta katse na tsawon shekara biyu, ya kammala a watan Yulin 2024 a garin Gelsenkirchen.