Gobarar Maraɗi da ɗakin kaka

Ranar Litinin, 8 ga Nuwamba 2021, yara na tsaka da karatu a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, sai wuta ta kama. Azuzuwa uku ne na zana da itace, irin waɗanda ake kafawa idan ɗalibai sun yi wa gini yawa. Kafin a ce kwabo, sun ƙone ƙurmus. Aƙalla yara 25 suka rasu, 'yan shekara biyar zuwa shida. Jihar ta yi zaman makoki na kwana uku.

Abin takaici, wata bakwai kacal kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, an yi irinta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka tafi. Sai da ta maimaitu gwamnati ta hana zaunar da ƙananan yara a ajin zana.

Busasshiyar zana ba ta jiran kowa. Rufi wutar take hawa, rufin ya rufto, hayaƙi ya toshe ƙofa. Mai ƙafa ya tsere. Yaro ya tsaya kuka, tsoho kuwa yana laluben sandarsa.

Wannan ba ciwon talaka kaɗai ba ne. A daren 23 ga Janairu 2014, wani gidan kula da tsofaffi ya kama da wuta a garin L'Isle-Verte na Kanada, cikin sanyin da ruwan 'yan kwana-kwana ke daskarewa. Mutum 32 suka mutu. Tsohon ɓangaren, wanda babu bututun fesa ruwa a rufinsa, ya zama toka. Sabon, da bututunsa da katangar tare wuta, ya tsira. Gida ɗaya fa. Bayan haka lardin Quebec, inda garin yake, ya wajabta bututun.

A garuruwanmu irin su Abu Hujar da Maiurno ba a kai tsoho gidan gajiyayyu, alhamdulillahi, yana cikin jikokinsa. Amma a leƙa ɗakin kaka da sanyi: jinkar ciyawa, kaskon gawayi a gindin gado, tsummokara a rataye, an jawo ƙyaure an tokare.

Jama'a, a fitar da kaskon kafin ta yi barci, a ajiye tulun ruwa a bakin ƙofa, kuma a sa jika mai wayo ya riƙa kwana da ita.