Hurumi a Shari'a: Idan Aka Keɓe Daji, Wa Ake Bari Ya Shiga?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa maza da mata, a watan Disamba na 2022 ƙasashe kusan 190 suka haɗu a birnin Montreal na Kanada, suka amince cewa nan da shekarar 2030 za a keɓe kashi 30 cikin ɗari na tudu da na teku domin kare su daga lalacewa. Niyya ce mai kyau. Sai dai duk inda aka keɓe daji akwai wanda aka hana shiga, kuma galibi talaka ne. A wannan shekarar ce aka fitar da makiyayan Masai daga wuraren kiwonsu a Loliondo ta Tanzaniya da sunan kiyaye namun daji, har aka yi arangama da jami'an tsaro.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. Malamai suna kiranta hima, wato abin da muke ce wa hurumi: fili ko daji da shugaba zai keɓe, ya hana a yi noma ko gini a cikinsa, ya tsara yadda za a yi kiwo.

Larabawan jahiliyya sun san hurumi, amma na ƙarfa-ƙarfa. Basarake yakan sa kare ya yi haushi, iyakar inda sautin ya kai ya zama makiyayarsa shi kaɗai, alhali yana tarayya da mutane a sauran wurare. Yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Bakar da Taglib, wanda aka ce ya ɗauki shekara 40, ya samo asali ne daga taguwa guda da Kulaibu ya harbe don ta shiga huruminsa. Musulunci ya soke irin wannan. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina saboda dawakan Musulmi, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza saboda dabbobin zakka.

Ku lura da umarnin da Umar ya ba Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hurumin, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare garken Abdurrahman bn Auf da na Usman bn Affan. Dalilinsa: waɗannan biyun in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka zai zo da 'ya'yansa yana kuka, dole baitulmali ya ciyar da shi. Ciyawa da ruwa sun fi sauƙi a kan hukuma a kan zinariya da azurfa. Manyan sahabbai ne fa, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, amma wadatarsu ta sa aka ce su nemi kiwo a wani wuri.

Daga nan malamai suka fitar da sharuɗɗa. Shugaba ne ke keɓe hurumi, don maslahar jama'a, ba don kansa ko na kusa da shi ba. Ba a yin sa a kan ƙasar da wani ya mallaka, kuma kada ya yi faɗin da zai ƙuntata wa mutane. Hurumin da aka buɗe wa attajirai masu farautar shaƙatawa aka rufe wa makiyayi bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ko da an ce don muhalli aka yi.

Tsarin bai mutu ba. Tun 2004 wasu ƙauyukan Labanon suka farfaɗo da hima, mutanen gari da kansu ke kula da dazuzzukansu. A Arewacin Nijeriya ma an yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma an cinye da yawa daga cikinsu, an toshe burtali da gonaki, kuma kun ga jinin da ake zubarwa tsakanin manoma da makiyaya. Wanda ya shigar da burtali ko mashayar dabbobi cikin gonarsa ya ci haƙƙin jama'a, wajibi ne ya mayar da shi, ko da ya shekara ashirin yana nomawa.

Allah ne Mafi sani.