Motar Kara: Tsakanin Kwalliya da Iya Shan Kwana

Da zarar an yanke dawa a ƙauyukan fadamar Haɗejiya, irin su Auyo da Guri da Kirikasamma, yara ma sai su buɗe nasu garejin. Kayan aikin kaɗan ne: kara, reza, da tsohon silifas. A feƙe ɓawon karan a yi tsinkaye, a riƙa soka su cikin totuwa mai laushi har bodi ya tashi, babu ƙusa babu gam. Daga nan gasa take farawa, domin motar da ta fi kyau ba lallai ita ce ta fi tafiya ba.

Kwalliya ba ta da wuya. A liƙa takardar alewa mai ƙyalli a matsayin gilashi, a sa murfin kwalba fitila, a ɗora rufi mai tsawo kamar babbar motar da ke ɗaukar tattasai zuwa Kudu. To, wannan rufin ne ke kayar da motar karan. Duk nauyin da ya hau sama, da an sha kwana sai ya rinjayi motar ta kife. Yaron da ya ƙware yakan cusa ɗan dutse ko busasshiyar laka a ƙasan bodi, ya kuma tsawaita sandar taya don tayoyin hagu da dama su yi nesa da juna.

Ita ma ƙasar tana da nata hukunci. A kan rairayin jigawa siririyar taya nutsewa take yi, dole a yanko silifas mai kauri, wani lokaci a haɗa biyu. A busasshiyar lakar fadama kuwa, wadda rani ya tsattsage, babbar taya ce ke tsallake tsaga. Idan ramin tsakiyar taya ya kauce ko da kaɗan, motar za ta yi ta ɗingishi. Shi ya sa za ka ga yaro yana goga gefen tayar a kan siminti har ta daidaita.

Abin da ke burge ni shi ne, manya a Turai da Amurka suna kashe kuɗi kan waɗannan matsaloli ɗin dai. Tun 1957 aka fito da Scalextric a Ingila, ƙananan motocin lantarki masu gudu a kan titin da aka tsaga wa kwari, akasarinsu kashi ɗaya cikin 32 na girman motar gaske. Masu tseren su suna liƙa darma a ƙasan motar, su sauya tayoyi masu laushi, su goge su da takardar yashi, wasu su ƙara maganaɗisu don ta manne wa titi.

Ina jin takaicin yadda motocin roba na kasuwa ke korar motar kara. Ta roba a rufe take zuwa, ba inda yaro zai sa hannu ya gyara, kuma ranar da tayarta ta fita sai bola.